Rodi Cikin Babbar Riga

Zazzaɓi ne ya kwantar da ni a bencin ofis bayan azahar, rahoton da zan miƙa wa kotu yana kan ƙirjina. Shagunan kasuwar da Maiwada ya gina sun rufta, sun karya wa wata mai awara ƙafa. Ni ne injiniyan da ya duba aikin, Maiwada kuwa yayan matata ne. Kalma ɗaya ta rage in rubuta, ita za ta kai shi gidan yari ko ta raba shi da shi.

Sai na gan ni a wani gini marar tushe, yana lilo bisa kogin yashi. Wani tsohon kwanon sarki, irin na ɗaukar kankare, duk ya lotse, ya mirgino gabana.

"Injiniya, biyo ni. Kowane laifi da ɗakinsa, kai kuma kana neman cusa su wuri ɗaya."

Ban saba ɗaukar darasi daga kwano ba, amma na bi shi. A ɗakin farko wata tagar katako ce take gunaguni: "Ta ƙarfe aka rubuta a takarda, aka kawo ni."

"Saɓa yarjejeniya ke nan," in ji kwano. "A cire ta, a sa wadda aka ce, magana ta mutu."

Daɓen ya dare, muka zurma wani ɗaki. Rufin kankare ya zaro harshe yana haki. "Ƙishirwa! Kwana biyu kacal aka ba ni ruwa, aka zare katakon da ke tallafe da ni."

"Sakaci," in ji kwano. "Ba a nufi cuta ba, amma an san yadda ake yi, aka ƙi kula. Sai diyya."

Wallahi na ji sanyi a raina. Na buga ƙirji na ce, "To nan ne ɗakin Maiwada!"

Kwano ya ingiza wata ƙofa. Wasu siraran rodi ne zaune sanye da manyan riguna, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ɗayansu ya ce, "Ranar da ka zo dubawa, yayyenmu masu kauri aka shimfiɗa maka. Kana juya baya aka kwashe su, aka jera mu, aka zuba kankare."

"Wanda ya ɓoye ya san abin da yake yi," in ji kwano. "Zamba sunanta. Kai kuma ina kake ranar zubi?"

"Na sa hannu na tafi ɗaurin aure. Surukina ne, na yarda da shi."

"To koma ɗaki na biyu, an shimfiɗa maka tabarma."

Firgigit na farka sharkaf da gumi, waya tana ruri, sunan matata a kai. Na ƙyale ta sai da na rubuta layi biyu: zamba a gaban sunan yayanta, sakaci a gaban nawa. Sannan na ɗauka.

"Ka gama, Baban Ummi?"

"Na gama. Nemi wuri ki zauna tukuna."