Firji a Jirgin Sodangi

A damunar da ruwan madatsar Goronyo ya cika har ya shafe hanyar Tungar Yari, baƙon dauro ya shiga garin, kuma kafin a farga an kai yara biyu makwanci. Mota ba ta shiga, babur ba ya shiga. Sai jirgin Sodangi, mai inji da rumfar tabarma da ɗan firji a tsakiya.

Firjin nan shi ne abin taƙamar Sodangi. Batir ke jan sa, farantin sola da ke kan rumfa ke cika batir ɗin, kuma duk masuncin da ke kan dam ya san in ya matso zai sha ruwan sanyi kyauta. Ran nan kuwa ba ruwa kaɗai ke ciki ba. Bara'atu, 'yar yayarsa da ke aiki a asibitin Goronyo, ta jera kwalaben allurar rigakafi a tsakanin gorunan ruwa, ta ce masa in sanyi ya yanke a hanya, sai dai a zubar da su. Shi kuwa 'yarsa Tani, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana can Tunga ba a yi mata allura ba.

Hadari ya rufe sama, sola ba ta samun komai. Sodangi ya dubi gajimare ya yi tsaki, don shi ba mutum ba ne da abu ke ɗaure wa kai. Ya tsoma buhunan algarara a ruwa, ya naɗe firjin gaba da baya, ya ɗaure tamau.

"Kawu, mi kaka yi?" in ji Bara'atu.

"Abin da aka yi ma tulu, ɗiyata. Ke dai zamna ki ga aiki."

Ta ƙyale shi, don maganin ta sani, injin ba ta sani ba, kuma a gidansu ma haka ake sanyaya tulu.

Suka yi nisa, gaɓa ta ɓace. Sai Sodangi ya lura da wani abu da bai yi masa daɗi ba. Firjin da ya saba yin gurnani ya huta, yau ya ƙi hutawa. Fitilar batir ta bar kore ta koma ruwan ɗorawa, ga tafiya ko rabi ba a yi ba. Ya rage wutar injin jirgi, ya cusa hannu ta bayan firjin, ya zaro shi da sauri, wurin ya yi zafi kamar murhu.

"Subhanallahi! Ashe na toshe mai hanci. Wanga ba tulu ba na, ta baya shika hidda zahi."

Bai tsaya jin kunya ba. Ya kwance buhunan baya da gefe, ya janyo firjin daga jikin katako don iska ta ratsa, ya bar busasshen bargo a kan murfi kawai. Buhunan kuma ya naɗa wa tulun da ke gindin rumfa, inda suka dace tun farko. Can sai gurnanin ya tsaya, firji ya samu hutu. Sodangi ya yi wa Bara'atu wani kallo kamar dama haka ya shirya.

Ba su jima ba ga Baba Attahiru a kwalekwalensa, tsohon masunci, abokin marigayi mahaifin Sodangi. Ya kama gefen jirgi, suka gaisa, ya miƙo ƙoƙo kamar kullum.

Nan ne abin ya yi wa Sodangi nauyi. Tun da ya taso bai taɓa ganin an hana mutum ruwa ba, balle dattijo. Amma kowace buɗewa sanyi ne ke fita, batir ke biya. Ya durƙusa ya ɗebo na tulu.

Tsoho ya kurɓa, ya dube shi. "Yau ni anka ba ruwan tulu, Sodangi?"

"Baba, ka yi min ahuwa. Allurar ɗiyan Tunga ag ciki. Ko ni ban buɗe shi sai mun sauka."

Attahiru ya shanye, ya saki jirgin, ya tura shi da filafili. "To mi kaka jira? Tahi!"

Sodangi ya ɗaure murfin firjin da igiya don kada hannunsa ya manta. Fitila ta koma ja suna hango bishiyoyin Tunga. Mata sun cika gaɓa da goyo, kowacce ta zuba ido.

Bara'atu ta kwance igiya, ta duba ma'aunin sanyi, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ku yi layi."

Khadijatu, matar Sodangi, ita ce ta uku a layi, goye da Tani. Da allura ta shiga, Tani ta tsala ihu har tsuntsaye suka tashi daga ciyawa. Sodangi ya karɓe ta ya rungume, yana dariya idonsa cike da ƙwalla.

"Yi kukanki, uwata," ya ce. "Yi da ƙarhi, gari duka shi ji."