Man Gyaɗa a Kujerar Hajiya

Ni na fara ganin tabon nan, kafin kowa a Karare. Tayyib, ɗan ƙanena, ya biyo ta ƙauyenmu yana can yana gaishe-gaishe, na leƙa ta gilashin motar na ce, "Kai, zo ka yi ban kwana da aikinka."

Direba ne a Katsina, wurin wata Hajiya Mubina. Ta aiko shi Batsari sayen man gyaɗa, shi kuma don wayo ya ɗora jarkar a kujerar baya, ramukan hanya suka kwance murfi. Kujerar fata ce, fara sol kamar kindirmo, ga mai ya zauna a tsakiya faɗin faifai. Hajiyar nan kuwa ta taɓa korar direba a kan ɓawon rake.

Tayyib ya ɗora hannu a ka. "Baba, na shiga uku!"

Nan take malamai suka fito. Nurain mai faci ya ce a zuba fetur. Uwaisu maƙwabcina ya ce omo da soson waya, sannan a shanya a rana.

Na ce, "Ku rufe mini baki. Kai Nurain, taya ka sani. Fetur zai cinye launin, rana kuma ta sa fatar faso kamar ƙafar manomi."

Nurain ya ce, "To Baba, ai wannan fatar Turai ce."

"Saniyar Turai ba fata gare ta ba? Ni da na shekara arba'in ina ɗinkin gugan fata? Ban shiga aji ba, amma sau biyu 'yan bindiga suna shiga da ni daji ta Ruma ina fitowa da ƙafata. Kujera ce za ta gagare ni?"

Na sa aka tura motar inuwar tsamiya. Na ɗauki tsohon rawanina mai laushi, ina dangwalawa ina tsane man, ban goga ba, don guga tura shi ciki take yi. Sannan na ce wa matata Uwani ta kawo garin masara.

"Malam, tuwonka za ka ba mota?"

"Ke dai tankaɗe shi da kyau."

Na barbaɗa har tabon ya ɓuya, na bar ƙofa a buɗe don iska, na zauna gadi. Gyangyaɗi ɗaya na yi, sai ga akuyar maƙwabta ta ɗora kofato a bakin ƙofa tana miƙa wuya. Da ta hau, da fatar ta yage. Na cafko ƙafarta ta baya, muka zube tare. Gwiwata har yau tana tuna mini.

Da la'asar na kakkaɓe garin, ya yi rawaya, ya sha mai. Na sake zuba wani ya kwana. Da safe na jiƙa tsumma na matse sosai, da ɗigon sabulun jarirai. Na fara gwadawa a lungun da ido ba ya kaiwa, launi bai motsa ba, sannan na bi kujerar a hankali, na tsane da busasshe.

Bayan kwana biyu Tayyib ya bugo waya. Wai Hajiya ta tsaya tana kallon kujerar, ta ce me ya sa wannan ta fi sauran haske? Ta sa shi ya goge duka har na gaba. Yana nan a bakin aikinsa.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya kawo motarsa gindin tsamiya ya tuttula man da hannunsa. Amma ya zo da garinsa, Uwani ta rantse ba ta ƙara bayarwa.