Rabin Volt a Motar Alhaja Fausat

Alhaja Fausat ta haura saba'in, kuma har yanzu ita ke tuƙa kanta daga Rijiyar Lemo zuwa shagonta na atamfa a Fagge. Motar tsohuwa ce, kowane gefe da tabonsa. 'Yan adaidaita sun san ta. Da sun hango ta sai su raɓe.

'Ya'yanta sun gaji da ba mutane haƙuri. Suka yanke cewa ranar da motar nan ta mutu, tuƙin Mama ya ƙare, ba mai sayo mata wata. Da motar ta fara mutuwa a tsakiyar titi, sai aka jawo ta garejin surukinta Akeem a Sabon Gari. Alhaja ta ce abin da na'urarsa ta faɗa, ta yarda.

Na'urar osiloskop ce, mai zana wutar mota a kan allo. Tana da tsinken gwaji da ake ɗosanawa a jikin waya, a jikin tsinken kuma akwai ɗan maɓalli mai zamewa. A kan ɗaya, wuta na wucewa yadda take. A kan goma, tsinken ya raba ta kashi goma ya miƙa kashi ɗaya, don kada wuta mai ƙarfi ta ƙona na'urar. In ba ka gaya wa na'urar ka canza ba, ƙarya za ta yi maka da fuskar gaskiya.

Akeem ya saita komai a kan ɗaya, ya cusa tsinken a aljihun gaban rigarsa. Sai ga Alhaja ta sauko daga adaidaita. A Kano aka haifi Akeem, amma gaisuwar suruka ta gidansu, irin ta Yarabawa, ba ta canza ba: ya zube rub-da-ciki a kan siminti, ƙirji a ƙasa.

"Tashi, ka share musu garejin ya isa," in ji ta.

Ifeanyi, mai sayen matattun motoci ya yanka, ya riga ya iso. Ba wanda ya kira shi.

"Mama, sannu da zuwa. Wucewa kawai nake yi."

"Ungulu ma haka take cewa."

Akeem ya haɗa tsinken, ya taɓa wayar da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ke ba sensa wuta, ɗan abin da ke kai mata rahoton injin. Volt biyar ya kamata ya gani. Ya ga rabin volt. Ya gwada wata wayar, rabin volt.

"Mama, ƙwaƙwalwar ta tafi. Irin tata kuma ba a samu yanzu."

Alhaja ta buɗe ƙofa ta zauna a mazaunin direba, ta riƙe sitiyari. Ifeanyi ya fara zagaya motar yana ƙwanƙwasa ƙofofi kamar mai zaɓen kankana.

Don cika aiki, Akeem ya ɗora tsinken a kan batir. Allo ya nuna volt ɗaya da 'yan kai, maimakon sha biyu. A daidai lokacin Ifeanyi ya tsuguna gaban mota yana duba fitilu, Alhaja ta danna masa hon. Ƙarar ta cika garejin, Ifeanyi ya faɗa kan wata taya.

Batir mai volt ɗaya ba ya ihu haka. Akeem ya juya tsinken. Maɓallin na kan goma. Siminti ne ya tura shi lokacin gaisuwa.

Ya tsaya da abin a hannu. In ya yi shiru, matarsa Hikmat za ta samu barci, yayyenta su sa masa albarka, Ifeanyi ya yi ciniki, titin Ibrahim Taiwo ya huta. Ba wanda zai taɓa sani. Sai dai gobe Ifeanyi zai ciro ƙwaƙwalwar, ya tarar lafiyarta ƙalau, ya sayar da ita a wannan layin, yana ba da labarin wanda ya ce ta mutu.

Ya mayar da maɓallin kan ɗaya, ya sake taɓa wayar sensa. Volt biyar cif.

"Mama, ƙwaƙwalwar na nan da ranta. Na'urar ce ta yi kuskure."

"Na'urar ko mai ita?"

"Da na kwanta gaishe ki ne abin ya goce."

"Wato ni ce."

"Ban ce ba, Mama."

"Oga Akeem, sake gwadawa," in ji Ifeanyi. "Wannan karon ma ƙila kuskure ne."

Matsalar ta fito kafin azahar: soket ɗin wata sensa ne ya saki, baƙin mai ya jiƙa shi. Akeem ya wanke, ya matse. Mota ta tashi bugu ɗaya.

Alhaja ta gyara ɗaurin kallabinta, ta sa giya.

"Ka kira matarka ka gaya mata da bakinka. Ni ina da kasuwa."

Ta fita da baya ba tare da ta duba madubi ba, ta tafi da ɓarin ƙofar garejin.