Kumburin da ke Wuyan Hoton

Mai zane yana tsaye a kan benci yana ƙara inuwa a haƙarƙarin Yesu, sai tsohuwar nas ta shigo shagon. Ita kwamitin coci ya turo ta duba inda aiki ya kai, don mace ce da ba ta iya ganin abu ta kau da kai. Hoton ya kusa cika bango: an sauko da Almasihu daga gicciye, Maryamu ta rungume shi a cinya, kansa ya langaɓe baya.

Kowa ya san yadda mai zane yake aiki. Ba ya kwafar fuskokin kalanda. Manzanninsa 'yan dako ne da direbobin bas, mala'ikunsa kuwa masu jiran layi a tasha. In an yaba masa sai ya ce shi ba ya ƙari ba ya ragi, abin da ido ya gani shi hannu yake sawa. Ya faɗi maganar nan har matarsa ta haddace, tana riga shi ƙarasawa. A wannan karon ɗansa Auta ya samu, saurayi mai gyaran wuta, wanda yake zuwa da hutun rana ya tuɓe riga ya miƙe a tsohuwar katifa, uban yana zana shi.

Nas ta daɗe tana kallo. Ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Can ta cire tabarau ta nuna ƙasan kunnen hoton.

"Baban Auta, wannan fa?"

"Wuya ne, Mama. Haka na yaron yake."

"Tun yaushe yake haka?"

Mai zane ya fara dariya, dariyar ta maƙale. Ya tuna. Farkon aikin kumburin ɗan abu ne kamar ƙwayar wake, ɗigo ɗaya ya ishe shi. Daga baya ya sake haɗa fenti ya faɗaɗa wurin, yana mita wai hasken taga ne ya canza. Makon jiya ma sai da ya sake, don ya kai ƙwan zabo. Kuma ba wuyan kaɗai ba. Ya rage kaurin damtse, ya zurfafa ramin ido. Har murna ya yi a ransa, wai Allah ya dafa masa, jikin Auta yana ta zama irin wanda hoton yake so.

"Yana yi masa ciwo?" in ji nas.

"Ko kaɗan. Ya ce ba ya jin komai." Ya faɗa da sauri, kamar mai kawo albishir.

Ta mayar da tabarau a hankali. "Da yana ciwo da hankalina ya fi kwanciya. Kada ku tsaya kemis. Babban asibiti, kuma yau."

Ta fita ba ta ce komai a kan aikin ba.

Shagon ya yi tsit, sai warin fenti da ƙarar injin niƙa daga bayan layi. Tsoro ya kama mai zane, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya dubi katifar, ga shatin zufa ya bushe a kanta. Ya tsoma burushi a launin fata ya kai shi wuyan hoton. A ransa ya ce shafa biyu ta isa kumburin ya ɓace, wuri ya koma sumul, nas ta zama tsohuwa mai neman magana. Hannunsa ya tsaya a sama, fenti ya ɗiga masa a ƙafa.

"Baba, gawa ta iso!"

Auta ne a bakin ƙofa da jakar kayan aiki, yana wasan da ya saba. Hawan 'yan matakalan shagon kawai ya sa shi haki. Ya riga ya fara ɓalle maɓalli.

"Yau ka yi sauri, akwai mai jirana. In langaɓe ta dama ko ta hagu?"

Mai zane ya dube shi. Ya daɗe yana kallon yaron nan kullum, amma yau ne bai nemi inda inuwa ta faɗa ba. Ya sauko daga benci, ya ajiye burushin ba tare da ya wanke ba.

"Mayar da rigarka," ya ce. "Kira mamarka, ka ce ta same mu a bakin titi."