Hannun Mai Jita

Shekara guda ina lallashin tsoho Maitiú Breathnach kafin ya yarda ya yi waƙa a sabuwar ƙungiyarmu ta kiɗan gargajiya a Carna ta ƙasar Ireland. A garinmu, in dattijo na waƙa, ba a raka shi da kiɗa.

Yana tsakiyar baiti, sai Declan, baƙo daga Dublin, ya soma kaɗa masa jita. Maitiú ya tsaya. Na ji kamar in fasa jitar a kan Declan, don in tsohon ya ɗauki hularsa ya fita, kowa zai bi shi.

Maitiú ya ce, "Miƙo hannunka, ɗana."

Ya damƙe hannun da Declan ke kaɗa jitar da shi yana jujjuyawa, yadda mawaƙanmu ke karrama mai sauraro, ya ci gaba da waƙarsa. Har baiti goma sha huɗu bai saki hannun nan ba.