Ranar da Na Goge Laƙubban Kebbe

Gwamnatin jiha ta kai ni Ingila na koyi aikin kwamfuta. Da na dawo a 1982, aka tura ni ofishin aikin gona na Tambuwal, cikin wani ɗaki marar taga, ni da na'urar da iyakwandishan. Aikina rajistar manoman Tambuwal da Kebbe: wanda ba ya cikinta ba shi da takin zamani.

Wata jami'a ta ba ni gurbin koyarwa, ta ce in iso kafin ƙarshen Mayu ko a ba wani. Amma ba ni da halin tafiya sai manajanmu, Alhaji Ɗangiwa, ya sa hannu a takardar sakina. Ya ce zai sa ranar da rajistar Kebbe ta cika.

Faifan ajiyar na'urar guda ɗaya ne. Ranar da aka kafa ta na raba shi biyu, kamar a ja bango tsakiyar ɗaki. Alhaji ne ya faɗi rabon: kashi uku Tambuwal, kashi ɗaya Kebbe. Na ce Kebbe za ta matse. Ya ce daji ne, mutum nawa ke ciki?

A Afrilu ɓangaren Kebbe ya cika, saura manoma ɗari huɗu. Na Tambuwal rabinsa wofi. Bangon ba ya matsawa sai an kwashe komai a tef, an share faifan, an sake rabo. Tef ɗinmu zafi ya lalata shi, sabon kuma yana jiran takardar izinin shigo da kaya tun bara.

Malam Almu, malamin gona na Kebbe, ya iso a babur da sauran sunayen cikin jakar leda.

"Malam Arzika, wai akwatinka ya ƙoshi?"

"Ɓangarenku ya cika."

"Awo. Ko cikin ƙarfe ma ɗan lungu anka ba mu."

Alhaji ya shigo, ya duba jerin da na buga. Ya ga kowane manomi sau biyu: Muhammadu Abubakar, can ƙasa kuma Na'iya.

"Mi ne na wanga, Bature?"

Na bayyana masa. Fayil ɗin mutum ɗaya ne, amma na ɗaura masa suna biyu, na yanka da laƙabin da aka san shi da shi. Ta ko wanne ka shiga, wuri ɗaya za ka tarar. Sunan ba ya cin wuri, fayil ɗin ne ke ci, kuma ba ya tashi sai an cire sunansa na ƙarshe.

"Turanci," in ji shi. "Suna biyu, wuri biyu. Goge laƙubban, ka samu rabin ɗaki."

"Ranka ya daɗe, ba za a samu komai ba."

Almu ya sa baki: "Alhaji, mutanen nan ba su amsa sunan yanka. Wani ma uwa tai kaɗai tas san shi, ita ko ba ta faɗi nai."

"Gwamnati ba ta san Na'iya ba. Arzika, ina kana son hannuna?"

Ina so. Na san abin banza ne, na kuma san babu tef da zan koma gare shi. Na ce a raina in na nuna masa da idonsa, zai bar ni in tafi, wani ya zo ya ji da bangon. Umarni layi ɗaya na rubuta wa na'urar. Ko minti biyu ba a yi ba, laƙubba dubu uku suka tafi.

Na nemi na'urar ta faɗi wurin da ya rage. Lambar ba ta motsa ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon allon. "To, mayar da su."

"Ba su mayuwa."

"Takardun da anka kwafa fa?"

Almu ya ce, "Waɗanda munka aje a sito? Gara ta gama karatunsu tun bara."

Ranar rabon taki na bi mota zuwa Kebbe da jerin. Buhuna a jibge, mutane zaune a inuwa. Na kira Muhammadu Abubakar na ƙauyen Fakku. Mutum goma sha ɗaya suka miƙe, kowa yana kallon ɗan'uwansa. Na kira Usman Aliyu. Babu wanda ya tashi, sai wani tsoho ya ce ko Tambaya ake nufi, ko kuwa Dada, su biyun duk Usmanu ne. Kafin azahar buhu ashirin kawai aka fitar. Hakimi ya sa aka rufe sito, ya aika wa Alhaji saƙo.

Washegari Alhaji ya kira ni. Takardar sakina tana gabansa, ya ɗora mata kofin shayi.

"Kai ka goge, kai za ka mayar. Ƙauye ƙauye, kai da Almu. Ɗari fuɗun nan ka rubuta su da hannu."

"Ƙauyuka nawa ne?" na tambayi Almu a waje.

"Da tunga-tungan Fulani? Ban taɓa ƙirgawa ba. In ruwa ya sauka, rabinsu ba su shiguwa sai kaka."

Ranar ashirin da tara ga Mayu ce. Na kashe na'urar, na kulle ɗakin, na ɗauki littafi da biro biyu. Almu ya buga babur.

"Riƙe da kyau, ɗan Ingila. Bayan Dogon Daji hanyar ba ta da kirki."