Rigar da Ta Tsare Teburi

Ranar Asabar ta biyu a watan Afrilu rana ta fito a garinmu Brighton na bakin teku, gari kuwa ya haukace. Wata shida muna fama da ruwan sama da iska, sai ga shi da safe sama ta washe tas. Kafin sha ɗaya maza sun tuɓe riguna, farare fat kamar kajin da aka fige, kowa ya bazama neman benci a lambun mashaya inda zai shanya jikinsa. Ni da na ci sa'a ba ni da tuƙin bas a ranar, gidan Kawu Wilf na nufa.

Kawu Wilf ƙanin mahaifiyata ne, shekararsa saba'in da tara. Shekara arba'in ya yi yana wanke tagogin garin nan, tsani a kafaɗa, bokiti a hannu. Tun watan Oktoba da aka yi masa aiki a ƙugu bai sake taka bakin ƙofa ba. Likita ya ce ƙafa ta warke, shi kuma ya ce likitan bai san ƙafa ba. Ya kafe a kujera gaban talabijin, yana ramewa yana zagin masu hasashen yanayi. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tsoro nake ji, don irin wannan zaman mahaifiyata ta yi ba ta sake tashi ba.

"Kawu, tashi ka sa takalmi. Rana ta fito."

"Na gan ta. Ta gaishe ni ta taga, na amsa."

"Giya ɗaya tak, a lambu, sai in dawo da kai."

"Ke Bryony, ba ki da aikin yi ne? A rana irin ta yau ko ƙuda ba zai samu wurin zama ba."

Na ɗauko takalman na dire a gabansa, na tsaya riƙe da ƙugu. Ya kalle ni, ya kalli takalman, ya ja tsaki.

"To ji nan, 'yar nan. Zan bi ki sau ɗaya. In muka je babu wurin zama, ki dawo da ni, kuma kar ki sake zuwar mini da wannan magana har abada."

Na ce na yarda. Amma na san Kawu, in ya ce har abada to har abadan yake nufi.

Mashayar farko da na kai mu tana kusa da inda masunta suke sayar da kifi. Ko motsi bai yi ba daga mota.

"Kar ki wahalar da kanki. Ɗaya saura kwata rana take faɗawa bayan otel ɗin can. Shekara goma sha biyu ina wanke tagogin samansa."

Don taurin kai na fita na leƙa. Ai kuwa inuwa ta riga ta cinye rabin lambun, mutane sai jan benci suke suna bin ragowar hasken zuwa jikin katanga. Na dawo na tayar da mota, shi kuma ya yi wani murmushi da ya sa na ji kamar in sauke shi a nan.

Ta biyu tana bakin teku. Akwai rana, har da wani benci da ake tashi daga kansa, amma sai an hau matakala. Kawu ya tsaya a ƙasa da sandarsa ya ƙirga su da ido: goma sha huɗu. A sama wani ƙaton tsuntsun teku ya sure soyayyen dankali daga hannun wata mata, ana ta ihu ana dariya. Kawu bai yi dariya ba. Ya juya a hankali ya nufi mota.

"Biyu ke nan," in ji shi.

Muka zauna a mota, ina riƙe da sitiyari ban san inda zan dosa ba. Can sai ya yi magana yana kallon waje.

"Da a ce kina da hankali, kan tudu za ki hau. Akwai wata ƙarama bayan coci. Lambunta yamma yake kallo, rana ba ta barinsa sai biyar."

"To me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Kin tambaye ni?"

Ta wani siririn lungu ake shiga lambun, babu matakala ko ɗaya. Kawu ya yi taku talatin yana dogara sanda, yana nishi, ina gefe ina yin kamar ban ji ba. Muka ɓullo cikin lambun. Wurin ya cika maƙil, ko ina kawuna ne da kofuna. Teburi ɗaya ne kawai babu kowa, kuma shi ne ya fi kowanne kyau, a jikin katanga inda iska ba ta kaiwa, rana ta kwanta a kansa luf. Sai dai an rataye wata rigar sanyi ruwan ɗorawa a bayan kujera, ga kuma kofin giya da saura rabi a kan teburin.

Mutum goma sha ɗaya na ƙirga a tsaye kewaye da teburin nan, kowa da kofinsa a hannu, kowa yana kallon wani wuri daban. Mu dai mutanen ƙasar nan haka Allah ya yi mu. Riga a kan kujera mutum ce, kuma gara ƙafafunmu su kumbura da a ce mun zauna a wurin wani. Wallahi wani lokaci halinmu yana ba ni haushi.

Kusa da mu wani dogon dattijo ne da gajeren kare, daga baya muka ji sunansa Lionel. Na matsa na tambaye shi ko ya ga mai rigar.

"Ina jin ta shiga ciki sayen abinci ne," ya ce cikin raɗa.

"Tun yaushe?"

"To, ni dai na kusa awa ɗaya a nan. Wancan mai hular ya riga ni."

"Awa ɗaya! Saniya aka yanka mata?"

"Ai kin san layi a rana irin ta yau."

Na juya na ce wa Kawu zan ɗauke rigar, in mai ita ta zo ni zan ba ta haƙuri. Ya kama hannuna ya matse.

"Kul! Ba a gabana ba. Uwarki ba haka ta tarbiyyantar da ke ba."

Muka tsaya minti goma. Ina kallon ƙafarsa ta hagu ta fara rawa, gumi ya tsatso masa a goshi. Wata budurwa ta tashi za ta ba shi kujerarta, ya ɗaga hannu ya ce a'a, shi lafiyarsa lau, tsayuwar ma daɗi take masa. Ita ma ta koma ta zauna tana ba shi haƙuri. Daga nan ya sauke murya.

"Uku ke nan, Bryony. Kai ni gida."

Na kama gwiwar hannunsa za mu juya, sai na ji ya tsaya cak. Ya ƙanƙance ido yana kallon kofin nan, irin kallon da na sha gani yana yi wa tagar mutane in mun wuce a titi.

"Wannan ba giya ba ce," ya ce da ƙarfi, har kusa da mu aka yi tsit. "Ku dubi jikin kofin. Ɗigon ruwan sama ne ya bushe ya bar gishiri. Shekara arba'in ina goge irinsa. Yaushe rabon a yi ruwa?"

"Alhamis," in ji mai hula.

"To tun Alhamis baiwar Allahn nan take layin abinci."

Aka fara gunaguni, kowa yana cewa da ma shi ya yi zargi. Amma ko mutum ɗaya bai ɗaga ƙafa ba. Lionel ya gyara murya ya ce, "In kuma ta dawo fa?"

Kawu ya zame hannunsa daga nawa. Shi kaɗai ya taka zuwa teburin, ƙwas, ƙwas, mutane suna darewa. Ya ɗaga rigar da yatsu biyu. Samanta a bushe, amma da ya girgiza ta sai ruwa ya ɗiga daga aljihu, wani dodon koɗi ya faɗo daga hannun rigar ya mirgina a kan teburi. Lambun ya fashe da dariya, har kare ya shiga haushi. Kawu ya ninke rigar tsaf, ya ɗora ta a kan katanga, ya ɗan rusuna mata.

"Yi haƙuri, uwargida, ƙafa ce ta gaji."

Ya zauna ya miƙe ƙafar, ya rufe ido ya ɗaga fuska sama.

A daidai nan Maxine mai mashayar ta fito kwasar kofuna. Tana ganin rigar ta dafe ƙirji.

"Rigata, ashe nan kike! Har mijina na zarga da jefar da ke!"

"Ki koma ki ba shi haƙuri," in ji Kawu, idonsa a rufe. "Kuma ki tambaye ta me za ta sha, ta daɗe tana jira."

Lionel ne ya fara matsowa, ya nuna kujerar da shi kansa ya yi awa guda yana gadi, ya ce, "Akwai kowa a nan?" Mai hula ya biyo shi da tambayar. Kafin in farga an jawo benci, mutum takwas sun matsu a teburin mutum huɗu, Kawu a tsakiya yana ba su labarin wata mata da ta rufe shi a baranda yini guda.

Na shiga ciki na bi layi, na karɓo masa giyarsa, ni kuma lemo tunda ni ke tuƙi. Ina fitowa da kofuna biyu a hannu na ga ya cire jaket, ya naɗe hannun riga, kare ya ɗora kai a kan takalminsa. Bai gan ni ba. Ya dafa kafaɗar Lionel yana cewa, "Kai, ranar Asabar ƙarfe nawa kake zuwa? Ka zo da wuri mana, ni ba zan iya tsare wa mutum takwas wuri ni kaɗai ba."

Daɗi ya kama ni har giyar ta zube mini a takalmi. Na tsaya a bayansa ina dariya, hawaye yana zuba, ba ni da hannun sharewa.